Wufa a Kan Kujerar Mai Gida

Shekara biyu ke nan 'yan fim sun daina buɗe baki idan za su yi magana. Mai gidana ne ya gano haka. Daga baya masu karanta labarai suka bi sahu, sai mai kantin bakin layi, sai 'ya'yanmu, sai ni. Duniya kaf ta haɗa baki ta koma ƙunƙuni, mutum ɗaya ne kunnensa ya tsira lafiya, kuma Allah ya sa ni nake aurensa.

'Yarmu ta fari, wadda ke aiki a wani gari, ta gaji da maimaita gaisuwa sau uku a waya. Ta samo masa ganin likitan kunne ranar Alhamis, ƙarfe tara na safe. Na rubuta ranar da lokacin a takarda da manyan baƙaƙe, na ajiye kusa da tabaransa. Ya karanta, ya ninke ta gida huɗu, ya tokare ƙafar teburin da ita, tunda dama teburin yana rawa.

"Baban yara, maganar asibiti ce fa."

"Na'am?"

"Asibiti."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Kai."

"Ni? Ki ji mace. Ni da ko mura ban yi ba bana."

Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin safiyo, yana auna filayen mutane. Aikin ya bar masa imani guda ɗaya: duk abin da ya lalace a duniya, ba a ajiye shi a inda ya dace ba ne. Da za a ba shi igiyar awo da alli, da ya gyara ƙasa.

A falonmu akwai kayan sauti masu araha da ya saya shekarar da ya yi ritaya. 'Yan lasifiku biyar, kowace kamar gwangwanin madara, sai wufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da kaurin sauti, wadda ba ta wuce kwalin takalmi ba. Shekara da shekaru muna kallo da su, ba wanda ya yi ƙorafi. Ranar Lahadi, kwana huɗu kafin ganin likita, sai ya gayyato abokinsa Injiniya ya zo ya duba su.

Injiniya bai taɓa shiga ajin injiniyanci ba. Ya samu sunan ne tun suna samari, saboda wata rediyo da ya kwance, wadda har yau ba ta haɗu ba. Ya tsaya tsakiyar falo, hannu a baya, ya saurari minti ɗaya na wani fim, ya girgiza kai kamar likitan da ya ga hoton ƙirji.

"Wufarka ce ta yi ƙanƙanta. Magana tana son abin da zai tallafe ta daga ƙasa. Wannan abar ko atishawa ba za ta tallafa ba."

Na ce, "Ni dai ina jin komai raɗau."

"Hajiya, kunnen mata daban ne. An yi bincike."

"Wa ya yi?"

"Masana."

"Na ina?"

"Kowa ya sani, Hajiya."

Na daɗe da lura cewa idan magana ta kai ga kowa ya sani, to ba wanda ya sani. Amma mai gidan ya riga ya washe baki. Wani ya tabbatar masa laifin akwati ne, kuma akwati ana canza shi ba tare da an zauna a benci ana jiran a kira lamba ba.

Ranar Litinin ƙarti biyu suka shigo da sabuwar wufa suna nishi. Baƙa ce wuluk, ta kai ƙaramin firji. Tsohuwar aka tura ta ƙarƙashin gado ba ko godiya. Da aka kunna sabuwar, kofunan da ke cikin kabad suka fara hira da juna. Agogon bango ya karkace. Na ji abin a haƙorana na roba kafin in ji shi a kunne. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambaya ko injin niƙa muka saya, don tana da aiki.

Muka zauna kallo da la'asar. Gaskiya idan mota ta fashe a fim, sai ka duba ko taka ce. Idan jirgi ya tashi, labule yana motsi. Mai gidan ya dinga dukan hannun kujera yana cewa, "Kin ji ko? Kin ji aiki?" Amma da zarar an daina fashe-fashe mutane biyu suka zauna magana, sai ya yi tsit. Sai in ga yana satar kallona ta gefen tabarau. Idan na yi dariya, ya yi. Idan na ce "ayya", ya girgiza kai.

Ban kyauta ba, na sani. An zo wurin da likita yake gaya wa wata mata cewa mijinta ya cika, sai na ƙyalƙyale da dariya. Shi ma ya ƙyalƙyale, har da tafa cinya. Da matar ta zube ƙasa tana kuka, dariyarsa ta tsaya cak. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya ɗauki rimot ya ƙara sauti.

Talata Injiniya ya dawo duba mara lafiya, wato kayan sautin. Mai gidan ya ce masa a hankali, wato yadda za a ji a gida na uku, wufa dai ta yi, amma maganar 'yan fim har yanzu da saura.

"Ai ba a nan za ta zauna ba," in ji Injiniya. "Wa ya ce ka sa ta gefen talabijin? Kowane ɗaki yana da wurin da sauti yake taruwa. Ga yadda masana suke yi. Ka ɗora ta a kan kujerar da kake zama, ka kunna kiɗa mai ganga, ka yi rarrafe kana bin bango, kunnenka kusa da ƙasa. Inda ka ji dum-dum ya fi cika, nan ne gidanta. Sai ku yi musaya, ita ta koma can, kai ka koma kujerarka."

Idon mai gidan ya kawo haske. An ce wuri, an ce awo. Ya tashi nan take ya nemo allinsa.

Na ce, "Injiniya, mutumin nan shekararsa saba'in da uku. Idan ya durƙusa, wa zai tashe shi? Masana?"

"Hajiya, ke dai ba ki son ci gaba."

Laraba da hantsi suka ciccibi wufar su biyu suka ɗora ta a kan kujerar mai gida. Kujerar nan, ko jikokinsa ba sa hawa. Ni kaina shekara ashirin ban san laushinta ba. Ga shi baƙar akwati ta hakimce a kai, har an sa mata matashi a baya don kada ta gaji. Injiniya ya kunna wani kiɗa da ba komai a cikinsa sai ganga, ya daidaita shi ba da ƙarfi sosai ba, ya ce yana da uzuri, ya tafi. Kullum idan aka zo wurin durƙuso yana da uzuri.

Mai gidan ya naɗe ƙafar wando, ya ɗaura tsofaffin tawul a gwiwoyi, ya maƙala alli a bayan kunne, ya sauka ƙasa da bismillah.

Ni kuwa na shiga sito ɗauko sabulu. Siton namu ƙofarsa a falo take, ɗan ɗaki ne da bai fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, ba taga, kwano a sama. Hannun ƙofar na ciki ya fita tun bara, yana cikin jerin abubuwan da za a gyara ranar Asabar. Kullum ina tokare ta da bokiti. Ranar nan rugugin wufa ya yi ta zame bokitin a kan tayil kaɗan-kaɗan, ina sunkuye ina laluben kwali, sai na ji ƙofa ta ce ƙaras.

Na kira shi da murya irin ta mutunci. "Baban yara." Shiru. Na ɗaga. Na kira shi da sunan aikinsa. Na kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa, wanda rabona da furta shi tun kafin a haifi 'yar farinmu. Ganga kawai ke amsawa.

Sai na fara dukan ƙofa. Da tafin hannu, da gwiwar hannu, daga baya da wata tsohuwar tukunya da na lalubo a duhu. Zafin kwano yana saukowa kamar ana guga a kaina. Ina da hawan jini, kuma maganin yana can kan teburin ɗaki yana jirana. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, kaina ya fara juyawa. Na zauna a kan buhu, na huta, na tashi na ci gaba.

Can sai na ga inuwa ta tare ɗan hasken da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Na ji numfashinsa. Na ce alhamdu lillahi, ya ji. Na durƙusa na sa bakina a ƙasan ƙofar na kwarara masa kira, tsakanin bakina da kunnensa bai fi taƙi ɗaya ba. Na ƙara wa ƙofar tukunya uku masu kyau.

Sai na ji ƙarar alli a kan tayil. Na ji ya ce wa kansa, cike da gamsuwa, "Nan ne. Wallahi nan ne. Ji yadda ya cika."

Yayarsa ce ta cece ni. Shekararta tamanin, da sanda take tafiya, amma tana jin faɗuwar allura a gidan maƙwabta, musamman idan da gulma a ciki. Ta zo kawo mana ziyara, ta ce tun daga bakin get take jin ihuna. Ta yi sallama uku ba amsa, ta shigo, ta tarar da akwati a kan kujera, ƙaninta a gabanta da gwiwoyi a ƙasa, kunne a tayil. Ta zungure shi da sanda, ta murɗa hannun ƙofar siton, na fito ina dafa bango.

Ta kashe kiɗan da kanta, ta zare wayar daga bango gaba ɗaya. Ta zaunar da ni, ta ba ni ruwa, ta ɗauko mini maganin. Sannan ta juya kansa. Yana nan a durƙushe, don kamar yadda na faɗa, ba mai tashe shi.

"Kai, auta. Sabon addini ka shiga?"

"Yaya, awo nake yi."

"Awo. Matarka tana mutuwa a bayan katako kana awo."

"Kiɗa ne ya hana ni ji."

"Ni a ina nake da na ji? A titi. Kiɗan ni bai gan ni ba ne?"

"Ƙofar tana da kauri, Yaya."

"Ta fi katangar gidanka kauri?"

Ya dubi tukunyar da ke hannuna, ta lotse gefe guda. Ya dubi da'irar da ya zana da alli a bakin ƙofar sito, har da 'yar alamar da safiyo ke yi idan ya samu kan iyaka. Ya tambaye ni minti nawa na yi a ciki. Na nuna masa da yatsu: huɗu, sannan sifili. Ya daɗe yana kallon yatsun. Daga nan ya miƙa mana hannu biyu, ni da Yaya muka ja shi sama, tsofaffi uku muna tangaɗi a tsakiyar falo.

Ranar bai ƙara kunna komai ba. Ya nemo sukudireba ya cire ƙofar siton ɗungurungum, ya jingine ta a tsakar gida.

Alhamis ƙarfe bakwai da rabi na fito na same shi ya yi wanka, ya sa kayan fita, makullin mota a hannu.

"Ki shirya, asibiti zan kai ki."

"Ni?"

"A duba miki maƙogwaro. Mutum ya yi minti arba'in yana kira ba a ji shi ba, ai akwai matsala a muryarsa. Kada a bari abin ya yi nisa."

"To."

"Tunda mun je, idan ofishin mai duba kunnen nan yana kusa, sai in leƙa. Don dai kada yarinyar nan ta ce an watsa mata ƙasa a ido."

"Haka ne. Don ita."

Na ɗauki mayafina da jakata. A mota ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan titi. Mun wuce shataletale biyu kafin ya yi gyaran murya.

"Wai jiya, a cikin siton nan, me kike ta cewa?"

Na faɗa masa duka, tun daga farko, ban rage ko ɗaya ba. Har da abin da na ce game da Injiniya, da masana, da dangin wufa. Ya gyaɗa kai a natse, ya ce, "Allah sarki. Na gode."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Shekara biyu ina faɗin duk abin da na ga dama a gidan nan, da baki buɗe, ba fargaba. Idan likitan nan ya san aikinsa, daga mako mai zuwa sai na koyi kama bakina.

Na dubi agogo. Takwas da kwata. Da sauran minti arba'in da biyar, kuma ina da abubuwan da ban gama faɗa ba.