Karan Awon Ɗanliti

Da Malam Abdussalam zai rasu, bai bar wa ɗansa Zubair wasiyya kan salla ko zumunci ba. Hannunsa ya riƙe ya ce, "Ɗanliti ya cinye min gona. Ka rama min." Sau biyu ya faɗa, sannan aka samu aka lallaɓa shi ya yi kalmar shahada.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Gonakinsu a haɗe suke a bayan ƙauyenmu, kan hanyar Minjibir, layin gamba ne iyaka. Duk damina sai gambar nan ta matsa tafin hannu guda, kuma ba ta taɓa ɓatan kai ta matsa ta wajen Ɗanliti ba. A wurinmu, inda mutum kan gaji gonar da jaki ke juyawa cikinta da ƙyar, tafin hannu ba abin wasa ba ne.

Sai dai Zubair sanyi gare shi. Shekara tara yana shirin ramuwa. Ya ce zai saki awaki cikin gyaɗar Ɗanliti, sai ya tuna tasa za su fara ci. Ya daina gaishe shi, ashe tsohon ya kurumce, bai ma san an daina ba. Ni da Zubair ne masu haƙan kabari a ƙauyen, saboda haka ina ganin yadda yake kawar da kai duk ranar da muka gitta kabarin ubansa. Abin yana cin sa, ni kuma ina jin tausayinsa.

Wata Talata da hantsi Ɗanliti ya mutu, bai jira kowa ba. Ɗansa Khalilu ya auna tsawon gawar da karan dawa yadda aka saba, ya kawo mana karan. Maƙabartarmu ta cika, gonaki sun kewaye ta ko'ina. Wurin da ya rage shi ne ta ƙafar kabarin Malam Abdussalam.

Zubair ya daɗe yana kallon karan. Can sai ya karya gaɓa ɗaya ya jefa aljihu.

Na ce, "Zubairu, ka ji tsoron Allah. Gawa ce fa."

Ya ce, "Munir, ɗauki diga. Yau zai san matsi."

Na ɗauka, ba kuma ina alfahari da hakan ba ne. Mun san abin da zai faru: a ajiye makara a rana, gari duk a tsaye, a ce mai cin iyaka bai samu wurin miƙe ƙafa ba. Muna gamawa muka hango mutane sun taho da makarar. Zubair ya dubi kabarin. Ya matso kusa da ni ya ce, "Ko mu ƙara?" Na ce masa ai sun iso.

Aka sauke Ɗanliti. Ya shige daidai, kai da ƙafa, kamar tela ne ya auna masa. Liman har cewa ya yi bai taɓa ganin aikinmu ya yi kyau haka ba.

A wajen zaman makoki na kasa haƙuri, na ja Khalilu gefe na tambaye shi yadda ya yi awon.

Ya ce, "Gaɓa ɗaya na ƙara, Malam Munir. Haka marigayi ya koya mana. In dai ƙasa ake aunawa, a ɗan ƙara."

Zubair yana bayana, ya ji. 

Bayan la'asar na bi shi maƙabarta, don shebur ɗina yana can. Na tarar da shi tsugune tsakanin kaburburan biyu. Ya ciro gaɓar karan daga aljihu, ya kafa ta a 'yar ƙasar da ta rage, ya danna da babban yatsa. Hawaye yake yi, amma muryarsa ba ta canza ba.

Ya ce, "Baba, na bana dai bai ci ba."