Inda Sanyin Yake Tafiya

Karo na uku ke nan Rahma tana miƙa hannu saitin ramin iskar ɗakin mahaifiyarta, ba abin da ke fitowa sai huci. Bayan la'asar za a sallamo Hajiya Mastura daga asibiti, likita kuma ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki zafi ba. Raed, yayan Rahma, ya riga ya yanke magana: in ɗakin bai yi sanyi ba, gidansa na birnin Riyad zai wuce da tsohuwar. Rahma kuwa ta san in uwarta ta bar unguwarsu ta Sa'alaba, ta bar ta ke nan.

Bello mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya leƙo daga cikin silin, gumi har gemu.

"Malama, mukayyif ɗinku lafiyarsa ƙalau. Bututun iskar ne ke yoyo a hanya. Injin hayaƙin da muke gano huda kuma yana wurin kafili, ubangidana, sai gobe."

"Gobe? Ba hayaƙi kake so ba?"

Ta faɗa kicin ta hura gawayi a kasko, ta zuba turaren wutar nan na Sudan da Hajiya ke ɓoyo kamar zinariya. Ta ajiye kaskon a bakin da injin ke zuƙar iska. Bello ya yi dariya, amma ba a jima ba ya soma kiranta daga sama: ga shi nan a mahaɗa, ga wani can! Yana shafa manne, yana naɗa tef mai ƙyalli. Rahma ta kasa zama, tana kai da kawo tsakanin tsani da agogo.

Can sai Bello ya sake leƙowa.

"Malama, wannan ba huda ba ce. Reshe aka fitar da gangan, ya bi ta cikin bango. Rabin sanyinku can yake tafiya. Wa ya yi muku aikin nan?"

Marigayi babanta ne, da hannunsa, sana'arsa ce shekara talatin. Bayan bangon kuma ba kowa sai Inna Latifatu, tsohuwar maƙwabciyarsu mai sayar da gyaɗa, wadda fanka ɗaya ta mallaka tun mutuwar mijinta.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce kuwa, tana gyara mayafi.

"Mastura ta dawo ne? Ƙamshin turarenta ya cika min ɗaki. Ai ɗakin nan nawa albarka gare shi, ƴata, ko a tsakiyar bazara sanyi ƙalau."

Ashe ba ta ma san Baba ne ya ja mata sanyin ba. Haushin Baba ya kama Rahma, kewarsa kuma ta taso mata. Wayarta ta yi ƙara, saƙon Raed ne: sun fito daga asibiti.

Bello ya rage murya. "In ban toshe ba, ɗakin Hajiya ba zai yi sanyi ba. Yalla, maza, me kika ce?"

"Toshe, halas, shi ke nan."

Ta tsaya har ta ji ƙarar yage tef. Iska mai sanyi ta soma kaɗa labulen uwarta. Sannan ta juya ta kama hannun tsohuwar.

"Inna, alfarma nake roƙo. Umma tana tsoron kwana ita kaɗai. Ki dawo ɗakinta da zama, ni zan ɗauko miki katifarki."

Inna Latifatu ta taɓe baki, ta yi ajiyar zuciya.

"In bar ɗakina mai sanyi? To, shi ke nan. Don Mastura ce."