Bayanin da Kwamfuta Ba Ta Karantawa

Malam Alexander ya kori motar da ƙaninsa Matthew ya kawo don a kai shi ƙauye. Ina bakin shagona ina ɗinki, na ga direban ya juya ya fita layin babu kowa a baya.

"Yaya, likita ya ce babu sauran abin yi," in ji Matthew daga soro. "Gara ka je gida Mama ta gan ka."

"Zan je. Ko a zaune ko a kwance, zan je. Yanzu ina da aiki."

Ni tela ne, sunana Tanko. A aji uku na bar boko, ban kuma yi nadama ba. Katanga ce kawai tsakanina da Alexander a Makera. Shekarar da soja suka koma bariki ya tare nan, yana koyar da kwamfuta a wata kwaleji. Da gari ya rikice daga baya, mutane suka yi ta kwashe kaya suna ƙetare kogi, kowa na bin nasa. Ban tashi ba, shi ma bai tashi ba. Ba mu taɓa tayar da zancen ba.

Bayan la'asar na shiga duba shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. An jingina shi da filo biyu. 'Yarsa Deborah na zaune gaban kwamfuta a gefen gado, don idonsa ya daina gani sosai.

"Wane aiki ne ya fi ganin mahaifiya?" na ce.

"Kampaila, Baba Tanko. Tafinta ne. Mutum ya rubuta abin da yake so, shi kuma ya juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ji. Ni na gina shi don ɗalibaina. Su za su ci gaba da shi."

"Lalacewa ya yi?"

"Lafiyarsa lau."

"To me kake gyarawa?"

Ya ce tsakanin layukan aikin akwai bayani da yake sakawa, mai faɗin abin da kowane wuri ke yi. Kwamfuta tsallake shi take yi. Na mutum ne, wanda zai zo daga baya. Shekaru yana rubuta shi yadda ya ga dama, wani da Turanci, wani da Hausa, wani da Turancin buroka, wani da yaren garinsu. Wani ma yana bayanin abin da aka cire tuntuni.

"Karanta masa ɗaya," ya ce wa Deborah.

Ta karanta tana danne dariya. "Kar ka taɓa nan. Ni ma ban san yadda aka yi yake aiki ba."

"Da na ƙasansa," ya ce mata.

"Shegen wuri. Allah ya isa."

"Ka ji gadon da zan bar wa yara?" in ji shi.

Na ce, "Kana mutuwa, kana share ɗakin da ba a shiga."

Ya lalubo bakin rigata ya juya cikinta. "Wa ke ganin nan? Me ya sa ka yi masa kalmasa?"

Na janye rigata. Ba na son a kama ni a magana.

Daga ranar nake shiga kullum bayan na rufe keke. Deborah ta karanto, shi ya rufe ido ya tuna, sannan ya faɗi sabon bayani, gajere, da harshe ɗaya. In layi ya yi tsawo ya sa ta karya shi. In ta kai hannu kan aikin kansa ya daka mata tsawa.

"Bayani kawai na ce! Ki bar aikin yadda yake."

"Dadi, ai nan za a iya taƙaita shi."

"Ki taƙaita naki in kin gina."

Wurin da ya ce bai san yadda yake aiki ba, yini suka yi a kansa, bai ci abinci ba sai da ya gano. Ya ce gara babu bayani da bayanin ƙarya. Matthew ya sake kawo mota, ta sake komawa.

Sun kai sashen ƙarshe ranar da aka yi ruwan rana mai ƙarfi. Maganin ciwo ya riga ya ɗauke masa hankali. Yana faɗin bayani sai ya zarce cikin waƙar coci, ya dawo, ya kira sunan wani rafi na garinsu. Ana haka aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, gilashin kwamfuta ya yi baƙi. Deborah ta dube ni, ta ci gaba da buga maɓallai, ƙas-ƙas, hawaye na sauka kan zaninta.

"Baba Tanko," ya ce, "kana nan?"

"Ina nan."

"Kai ba ka ƙarya. Tana rubutawa?"

Duk Makera an san ba na ce wa mutum rigarsa ta yi kyau in ba ta yi ba. Na dubi baƙin gilashin, na dubi yarinyar.

"Hannunta bai tsaya ba," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ƙara faɗin wasu kalmomi da yarensu, tana bugawa. Kafin ruwan ya ɗauke ya cika. Ni na rufe masa ido, na fita na kira Matthew.

Washegari da hantsi motar gawa ta tsaya ƙofar gida. Matan zumuntar coci sun cika tsakar gida da waƙa. Ɗalibansa biyu na tsaye a soro, sun zo karɓar aikin a faifai. Na shiga ɗakin ɗauko kujera, na tarar an kawo wuta, Deborah na gaban kwamfuta, Matthew tsaye a kanta.

"Saura nawa?" ya tambaye ta.

"Wannan sashen ne kawai, Ankul. Zan bi shi a hankali in mun dawo. Su jira."

Ya sunkuya ya karanta. Fuskarsa ta ɓaci. "Zagi ne fa a nan. Mahaifinki fa dattijon coci ne guda! Ki goge su duka, ki ba yaran nan, a ce ya gama. Wa zai sani?"

Ta kashe kwamfutar, ta ɗauko mayafin tebur ta lulluɓe ta, ta gyara gefunan.

"Deborah, da ke nake. Ana jiranmu."

Ta ɗaura ɗankwalinta.

"Ba zan goge ba," ta ce.