Lamba Sifili

Manhajar ƙungiyar masu ba da jini kyauta ba ta da aibu sai nawa. Ka tambaye ta wa ke da jini iri kaza, yake kusa, bai kuma bayar kwanan nan ba, sai fankar kwamfutar ta kama kuka, kai kuwa ka je ka sha shayinka ka dawo. Auta ce ta rubuta ta da yaren kwamfuta na Python, don haka ita ke shan tsiyar Dogo, abokin aikinta, kullum.

Ran nan da hantsi ta girka wa manhajar wani ƙarin shiri mai sa bincike sauri, laburare na matsattsun bitmaf. Layi guda ta buga ya sauka. Ta juye rajistar masu ba da jinin ciki, ta gwada, ta daka tsalle har kujera ta kife.

"Dogo, zo ka ga ikon Allah! Kowane mutum lamba ce. Masu jini iri ɗaya suna jeri guda na sifili da ɗaya, a matse tsam. In na haɗa jeri da jeri, sai ya ba ni waɗanda ke cikin duka."

Ta danna. Kafin Dogo ya ajiye kofinsa amsa ta fito.

"Kai! Anya ba ƙarya abin nan yake shara mana ba?"

Suna cikin shewa wayar ofis ta yi ƙara. Nas ce daga asibitin bayan layi. Wata mai haihuwa tana zubar da jini, nata irin mai wuyar samu ne, kuma babu ko leda guda a firij.

Auta ta haɗa jerin. Babu kowa. Ta sake, babu kowa. Tsoro ya kama ta.

Dogo ya sunkuyo, wasa ya bar muryarsa. "Wannan layin da ke cire lamba sifili fa, na mene ne?"

"Gwaji ne mana. Ai kowa ya san na farko a rajista gwaji ne. Tun tsohuwar manhaja nake zubar da shi."

"Da wa kika gwada?"

Sai ta tuna. Ranar da ta buɗe rajistar ba wanda ya kula ta. Babanta ne ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya cike komai da yatsa ɗaya, tsakani da Allah, don kada 'yarsa ta ji kunya.

Ta goge layin ta danna. Lamba guda ta fito, sifili. Auta ta ƙwala ihun da ya sa Dogo ya zubar da shayinsa, ta zari waya ta kira babanta.

"Baba! Kana ina?"

"Ina shago, Auta. Lafiya?"

"Rufe shi, Dogo na tafe da babur. Jininka ake nema a asibiti, yanzu-yanzu!"

Ta ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana ja da sauri, da kacau-kacau ɗin makullai.

"To ga ni nan," in ji shi, yana haki. "Ni ai tun ranar nan ban taɓa kashe wayata ba, ko za ki kira."