Gejin Baƙin Mai

Amiru bakanike ya ajiye wa Labbo direba gejin baƙin mai, ma'aunin man inji, guda biyu a kan benci.

"Zaɓi, maigida. Wanga mai waya ne, irin naka na da. Wanga tiyo gare shi, ba ya ƙarya, amma in ya fashe mai zafi ya zubo, ƙafafunka sun soyu."

Labbo ya zuba musu ido kawai. Mai wayarsa na da yana nuna lafiya lau sa'ad da injin babbar motarsa ya ƙone a dajin Turba. A gefensa matarsa Hajo ta cika, ba su kai asibitin Isa ba. Har yau ko hawaye bai yi ba.

"Ɗaura mai tiyon."

"Ka ji batun ƙunar kuwa?"

"Na jiya," Labbo ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Gobe za ni Isa da gero."