Wayar Labbo

Shekarar da aka yanke sabis a Isa da Sabon Birni, waya ta koma fitila da agogo kawai. Mutum ya yi saƙo ya danna, saƙon ya tsaya cak yana jiran hanya. To, Attahiru mai albasa yana da layin Nijar, kuma duk ranar kasuwa yana kai kaya bakin iyaka. Sai unguwa ta maida shi ɗan aike. Kowa ya kawo wayarsa, ya zuba su cikin jaka, in ya isa inda sabis ɗin Nijar ke kamawa ya kunna tasa ya raba musu data. Saƙonni su tafi, amsoshi su shigo. Bai taɓa buɗe saƙon kowa ba, shi ya sa aka yarda da shi.

Wata safiya Tasalla ta aika a kira shi. Matar amininsa Labbo ce, wanda 'yan bindiga suka harbe cikin geronsa a wajen Turba. Tana takaba, ga tsohon ciki. Daga bayan labule ta miƙo waya mai tsagaggen gilashi.

"Baban Zulaiha, ranar da za shi gona ya yi ma ƙanenai Anas magana cikin wagga waya, ba ta tahi ba. Don Allah ka kai ta, Anas shi ji muryar ɗan'uwanai."

Wa zai ce a'a ga wannan? Ya karɓa.

A bakin iyaka, gindin wata tsamiya, ya baje wayoyin bisa buhu, suka hau ƙara kamar kullum. Ta Labbo ce ta motsa cikin hannunsa, zirr, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya yi masa addu'a, ya maida ta jaka.

Ashe ba muryar kaɗai ke jiran hanya ba. Akwai hoton da Labbo ya haɗa ya jefa a guruf ɗin 'yan gari. Wani babba ne, wanda ya shiga rediyo ya ce zaman lafiya ya dawo, an ɗora shi kan kujerar alfarma bisa sabbin kaburbura, riƙe da lasifika. Babu rubutu ko ɗaya. 'Yan gari da ke Sakkwato da Kano suka tuntsire da dariya, sannan suka duba sunan wanda ya turo, dariyar ta bushe. Mutumin da aka yi wa salla aka rufe, ga shi yana turo hoto! Kafin a ankara hoton ya zaga ko'ina.

Ba a daɗe ba mota mara lamba ta tsaya ƙofar gidan Labbo, jami'ai suka fito suna nemansa. Aka ce musu mai gidan ya rasu, ga kabarinsa can in suna so.

"Mamaci bai danna waya," in ji babbansu. "Hannun wa take? A fito da matar."

Attahiru na tsaye cikin masu kallo. Ya ji kukan Tasalla daga ciki, ya tuna cikin nan nata. Wallahi tsoro ya ji. Amma ya matso.

"Ranka shi daɗe, ku bar ta. Ni na kai wayar. Ni na ba ta data."

Shi ke nan, aka wuce da shi Sakkwato. Laifin wai cin mutunci da tunzura jama'a ta intanet. Mutumin da ko ɗaukar hoto bai iya ba sai ya sare kan mutum! Ya faɗa, ya maimaita, cewa bai ga hoton ba sai a hannunsu. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Albasarsa ta ruɓe a rumfa. Tasalla ta haihu, aka sa wa yaron sunan ubansa, Attahiru labari kawai ya ji.

Ranar wani zama Anas ya zo daga Kano da wayarsa, ya roƙi a saurari saƙon. Alƙali ya yarda. Aka kunna, sai ga muryar Labbo, da 'yar dariyarsa da tarinsa, har ana jin zakara a bayansa.

"Anas, ni ne. Lahiya lau muke. Kai, jiya hushi ya ɗebe ni, na haɗa wani hoto na jefa guruf. Allah ya so babu sabis, bai tahi ba. In na dawo gona za ni goge shi, kada shi ja ma wani bala'i. Ka gaida yara."

Attahiru ya dafa katakon gabansa. Hawaye suka zubo, bai share ba. Ya zaci an gama.

Mai gabatar da ƙara ya miƙe ya gyara riga. "Mun ji wanda ya haɗa, kuma mun ji ya so ya goge. Wanda ya sake shi muke tuhuma, ga shi nan tsaye."

Aka sake ɗage zama.

Tuni sabis ya dawo Isa, amma guruf ɗin 'yan gari ya mutu murus. Sai gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa. Da yawa sun fita, aka bar lambar Labbo a ciki, don babu mai ƙarfin halin cire ta.

Shi kuwa Attahiru, a gidan kaso, da rana tsaka yakan ji tafin hannunsa na dama ya motsa, zirr. Ya buɗe, babu komai. Sai muryar ta biyo baya, da zakaran da tarin: in na dawo gona za ni goge shi.

Abokan zamansa sun saba ganinsa yana kallon ƙofa yana amsawa a hankali.

"To ka dawo mana, Labbo."