Mai Gadin da Aka Jefo Daga Bene

Autana jarumin fim ne, irin finafinan nan da za a kashe wa mutum ƙani a farko, shi kuma ya bi gari yana karya mutane har a rubuta sunayen 'yan wasa a ƙarshe. A gida kuwa ko kyankyaso ya gani matarsa yake kira.

Wata rana 'yarsa, wadda muke kira Mitsila, ta ɗauki wayar uwarta ta ga inda ubanta ya murɗe hannun wani mai gadi, ya jefo shi daga bene. Tun daga ranar ta daina karɓar komai daga hannunsa. In ya shigo falo sai ta koma bayan kujera. Auta ya rame, don duk faɗin duniyar nan ba wanda yake so ya burge kamar yarinyar nan.

"Tsoro ne," in ji uwarta. "Dama an ce finafinan nan suna lalata yara."

"Mitsila, wasa ne fa," in ji Auta, yana leƙa bayan kujera. "Kuma mugaye ne, su suka fara."

Harara kawai ta watsa masa.

Ni dai na daɗe ina koyar da yara kafin na ajiye alli, ban taɓa ganin mai jin tsoro yana harara ba. Da suka fita sai na jawo ta kusa.

"Ke, me Abbanki ya yi miki?"

"Kaka, mai gadin nan me ya yi?"

Na sa tabarau na kalli fim ɗin tun daga farko, har inda Auta ya watsa mutanen wani jirgin ruwa a kogi. Yarinya ta fi mu gaskiya. Ba mai gadin ne ya kashe ƙanin ba, ko wurin bai je ba. Laifinsa kawai yana tsaye a bakin ƙofa da tocila.

"Kuma Abba ya tsallake shi ya wuce," ta ce. "Ko sannu."

Washegari na sa Auta ya kai mu ofishinsu, wani ɗaki a saman shagon taya, cike da wayoyin lantarki da bindigogin roba a cikin bokiti. Mai gadin yana zaune a kan akwatin fitila yana tsoma burodi a shayi. Sha-Duka suke ce masa, don sana'arsa ke nan, a kowane fim shi ake fara jefarwa.

"Kin gani?" Auta ya ce, har da murna. "Ga shi garau! Sha-Duka, ɗaga hannu ta gani."

Ya ɗaga, da burodin.

Mitsila ta dube shi sama da ƙasa, ta juyo wurin ubanta. "Ka ba shi haƙuri."

Daraktan fim ɗin da ke gefe ya fashe da dariya. Sha-Duka kuwa nan take ya ajiye kofi, ya dafe kafaɗa, ya fara nishi.

"Ba wannan hannun ba ne," in ji Mitsila.

Ya sauya hannu ba kunya. "Ciwon yawo yake yi, 'yata. Babanki ya jefo ni daga bene, ya jefo ni daga mota, ya taɓa jefa ni a kwandon shara. Jama'a na tafi. Ni ko wanda zai ce a duba ko ina numfashi babu."

"Kai, kada ka cika baki," Auta ya ce ƙasa-ƙasa. "Katifa nawa aka shimfiɗa maka?"

"Auta," na ce, "ba katifa aka tambaye ka ba."

Ya dube ni, ya dubi 'yarsa da ta harɗe hannu. Sai ga jarumi ya durƙusa a kan siminti.

"Sha-Duka, ka yi haƙuri. Sannu."

"Ɗaga murya, kunnen ma ka taɓa shi."

Ya maimaita. Na lura nishin wasan da Sha-Duka yake yi ya tsaya. Ya ce, "Na haƙura," ya ja kofinsa.

A kan matakala Mitsila ta kama ɗan yatsan ubanta da kanta. Auta ya waiwayo ni, bakinsa har kunne. Muna isa ƙasa ta girgiza yatsan.

"Abba, saura waɗanda ka watsa a ruwa."

Auta ya tsaya cak. Ya ɗaga kai wajen taga ya ƙwala kira: "Darakta! Mutanen jirgin ruwan nan, a ina suke zaune?"